Rasuwar Dolores Mai Mil Goma a Galan

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin cikar da tankin marigayiyar bai taɓa daɗewa a cikinta ba, iyalan Orval Sundby, mutumin Fergus Falls ta jihar Minnesota, wanda ke yin lokacin sanyi tare da mu a wannan sansani na hamadar Quartzsite ta jihar Arizona, suna sanar da 'yan'uwa da abokan hanya da masu gidajen mai rasuwar motarsu kuma gidansu, Dolores. Ta cika da rana tsaka a kan hawan dutsen Yarnell, bayan gajeriyar jinya ta zazzaɓi. Maigidanta na riƙe da sitiyarinta har ta ja numfashin ƙarshe. An ɗan jinkirta fitar da wannan sanarwa, kuma dalilin jinkirin zai zo a wurinsa.

Ga waɗanda bana ne zuwansu na farko, Dolores ita ce doguwar nan mai launin ƙasa da ratsin ja, wadda ke tsayawa kusa da busasshen rafi, hancinta na kallon gabas. Tsawonta ƙafa arba'in. Injinta na dizal ne, yana can baya ƙarƙashin gado, don haka Verna, matar Orval, ta shekara ashirin da wani abu tana kwana a kan zuciyar marigayiyar. Tana da falo da kicin da banɗaki, da kujerar direba wadda ta lotsa daidai jikin mutum ɗaya tak a duniya. Shekarar da Orval ya ajiye tuƙin tankar madara suka sayar da gidansu mai lambu, suka sayi Dolores. Tun daga ranar ba su da wani gida sai ita. Zafi na matsowa ta kai su arewa bakin tafkuna, sanyi na fara cizo ta juyo da su nan.

Kowa a sansanin nan ya san ran Dolores da makullin Orval igiya ɗaya ta ɗaure su. Shekarun baya kaɗan idonsa na hagu ya fara hazo, ya kwashe ginshiƙin rumfar wani gidan mai a Nebraska da gefen marigayiyar. Ba wanda ya ji ciwo sai ginshiƙin. 'Yarsu Gretchen, ma'aikaciyar jinya a garin Duluth can arewa, ta hawo jirgi ta zo da niyyar karɓe makulli. Aka kai ruwa rana. Da ta gaji sai ta ce, "Shi ke nan, Baba, na ji. Muddin Dolores na tafiya, ka tuƙa abinka. Amma ranar da ta tsaya, kai ma ka tsaya. Ba sayen wata, ba aron wata, ko ƙaramar motar da take ja a baya ba ka ƙara taɓawa. Ku dawo wurina, na gyara muku ɗakin ƙasa." Orval ya miƙa mata hannu suka yi musabaha, kamar masu cinikin saniya.

A lissafin Gretchen motar ba za ta ƙara shekara ba. Ba ta san ubanta ba. Daga ranar Orval ya shiga lallaɓa Dolores, yana canza mata man inji tun bai yi baƙi ba, yana shiga ƙarƙashinta da tocila ko da lafiyarta ƙalau, yana rufe mata tayoyi da ƙyalle kada rana ta cinye su. Ɗakin ƙasan kuwa sau ɗaya ya gan shi. Tagarsa ɗaya, daidai takalman masu wucewa, kuma rabin shekara ƙanƙara ce ke toshe ta. Da ya fito ya je ya daɗe zaune cikin motarsa.

Marigayiyar mace ce mai murya. Da safe idan Orval ya murɗa makulli takan fara da gunaguni, "Garr... garr... garr," kamar wadda aka tasa daga barci mai daɗi, sannan ta kama, "Gududududu," har kofuna su yi rawa a motocin maƙwabta. Ba wanda ya taɓa bukatar agogo a gefenmu na rafin. Idan ta iso masauki aka ja mata birki, sai ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, "Tssssshhh," Orval kuma ya shafa mata gaba ya ce, "Sannu da ƙoƙari, 'yar tsohuwa." Verna ta sha faɗa mana cewa ita shekara hamsin tana ƙoƙari a gidan nan, ba a taɓa shafa mata kai an ce sannu ba.

Halayenta na kirki ba sa ƙirguwa. Mai haƙuri ce, ta ɗauki iskar Kansas a gefe guda ba ta kauce daga layinta ba. Mai rufin asiri ce, duk faɗan da aka yi a cikinta bai taɓa fita waje ba sai an buɗe taga. A cikinta Verna ta yi jinyar ƙugunta wata biyu a bakin wani asibiti, a cikinta aka yi wa jikoki gadon ƙasa a lokacin hutu, kuma a kan teburinta aka ci naman talotalo na bikin ranar godiya ta Amurkawa a jihohi da yawa, wani lokacin teburin a karkace saboda filin ba daidai yake ba. Ba ta taɓa barin su a hanya ba, sai wannan karon.

Sai dai ba a ɓoye wa jama'a, marigayiyar tana da ci. Ba ta taɓa wuce gidan mai ba tare da ta rage gudu ta dube shi ba. Idan Orval ya sa mata bakin famfo, yana iya wanke gilashin gaba duka, ya shiga ya sha kofi, ya ji labarin jikokin mai kanti, ya fito ya tarar tana nan tana sha. Iska ta zo daga gaba, ta ƙara ci. Hanya ta ɗan tashi, ta ƙara ci. A ɗan taka ta don a wuce tirela, ta mayar da abin biki. Gida ne dai sukutum da firji da baho ake turawa cikin iska, ba wanda ya isa ya ga laifinta.

A nan ne ya kamata a yi maganar da'ira, domin a can ciwon ajalin ya samo asali. Kowace la'asar idan rana ta yi sanyi, mazan sansani kan jawo kujerun naɗewa su zauna da'ira a gaban motar wani. Ba a siyasa, ba a maganar likita kafin a ci abinci. Tambaya ɗaya ce ake juyawa tun farkon sanyi har ƙarshensa: mil nawa taka ke yi a galan? Kuma da'irar tana da dokarta. Mutum yana da 'yancin faɗin duk lambar da ya ga dama game da motarsa, saura su gyaɗa kai su kurɓi kofi. Kowa ya san kowa ya ɗora biyu ko uku a kai, yadda masunta ke ƙara wa kifin da ya kuɓuce tsawo. Abin da ba a yi shi ne ka faɗi gaskiyar lambar wani. Gara ka shuri karensa.

Lambar Orval goma ce. Goma ya faɗa shekarar farko, goma ya faɗa bana, bai taɓa ƙarawa ba bai taɓa ragewa ba, kuma wannan tsayuwa a kan magana ɗaya ta jawo masa girma a da'ira. Idan mata suka tambayi Verna a wurin ɗinkinsu, takan kalli duwatsu can nesa, ta ajiye yatsu bakwai a kan cinya ƙarƙashin tebur. Mai rubuta wannan sanarwa maƙwabcinsu ne na shekaru, kuma ba zai fara musa wa mamaci lamba yau ba. Iyali sun ce goma, goma aka rubuta.

Daura da Dolores, kowace shekara, Delbert Pruitt ke kafa tasa motar. Tsohon mai aski ne daga Oklahoma, matarsa ta rasu, gwiwarsa ɗaya ba ta lanƙwasuwa. Motarsa Opal ta fetur ce, kuma lambarsa tara. Shekara ashirin shi da Orval suna gardama ɗaya. Delbert ya ce ta fetur ta fi arha, kuma kowane bakanike na ƙauye zai iya gyara ta da sifana biyu. Orval ya ce ta dizal kurɓa take yi ba sha ba, kuma tana hawa dutse ba tari. Duk wata Delbert ke yi wa Orval aski kyauta a ƙarƙashin rumfa, yana aski yana zagin injinsa. Mu da muka san su mun san ba su da aminin da ya wuce juna.

Bana wasu sababbin masu ritaya, mata da miji daga Oregon, suka zo da'ira suna neman shawara, ta fetur za su saya ko ta dizal. Ranar kuwa Orval ya tashi da ɓacin rai, domin da safe ya kasa karanta allon kantin burodi sai da ya je dab da shi. Delbert ya fara wa'azinsa na fetur, ya zo kan tara. Sai Orval ya katse shi.

"Kada ku biye wa Delbert. Shida take yi. Shidan ma a gangara, iska na tura ta."

Wani ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Delbert ya ajiye kofinsa a ƙasa a hankali.

"Maimaita, Ɗan Ƙanƙara."

"Ka ji ni sarai, Wanzam."

"To mu je famfo. Mu cika tare, mu tafi garin Prescott, mu sake cikawa a gaban shaidu. In taka ta yi goma, zan tsaya tsakiyar da'irar nan in cire hula in ce ni maƙaryaci ne. In ba ta yi ba, kai ka tsaya."

"Na yarda. Kuma ta Yarnell za mu bi, in ga yadda tsohuwar akwatin taka za ta hau."

Da bakinsa ya zaɓi hanyar, ba wanda ya sa shi. Mutum ya shekara ashirin yana alfahari da abu biyu, ƙarancin shan mai da iya hawan dutse, bai taɓa lura cewa ba a yin su rana ɗaya ba. Mun so mu hana, amma dokar da'ira ta riga ta karye, ba wanda ya san ta inda zai kama.

Orval ya san goma ba ta zuwa da addu'a kaɗai, saboda haka ya shiga rage wa marigayiyar nauyi. Ya kwance ƙaramar motar da take ja a baya ya bar ta a sansani. Ya fito da duwatsun ado da Verna ta shekara da shekaru tana tarawa daga kasuwar garin nan, da tukwanenta na baƙin ƙarfe, da keken ɗinki, da gwangwanayen wake, ya jibge su a ƙofar mai rubuta wannan sanarwa. Sannan ya yi abin da har yau idan aka tuna sai an girgiza kai. Ya buɗe famfon tankin ruwan sha, ya bar shi ya tsiyaye tas cikin yashi, domin ruwa nauyi ne. A hamada fa.

Verna ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallon ruwan na bin ƙasa. Ta ce, "Orval Sundby, ni ma ai ina da nauyi. Ko a wurin maƙwabta za ka ajiye ni?"

Ya tsaya yana lissafi, lissafin da ya ɗan fi yadda ya kamata tsawo. Sannan ya ce, "A'a, ke shiga."

Suka cika tanki a gaban shaidu suka kama hanya, Dolores a gaba, Opal a baya. Orval ya rufe tagogi don kada iska ta riƙe shi, ya kashe na'urar sanyi don kada ta ci mai, ya ɗora ƙafa a kan totur kamar mai taka ƙwai. Motoci suka yi jerin gwano a bayansa suna hon, bai ko kalli madubi ba. Verna na fifita da taswira. A shimfiɗaɗɗiyar hanya abin ya yi kyau ƙwarai, allurar mai da ƙyar take motsi, har aka ji Orval na 'yar waƙa a maƙogwaro. Mai yiwuwa a wannan safiyar marigayiyar ta kusanci goma fiye da kowane lokaci a rayuwarta. Sai dutsen ya bayyana a gabansu.

Duk mai motar da injinta ke baya ya san ƙa'idar hawa. Sai ka sauke giya, ka bar inji ya yi ihu, domin da ihun ne fanka ke juyawa da ƙarfi ta sanyaya lagireto. Ihun kuwa mai yake ci, ci na gaske. Orval ya san wannan fiye da kowa a cikinmu, shekara talatin yana hawa da madara yana sauka. Amma ranar ya riƙe ta a babbar giya, inji na nishi ƙasa-ƙasa, fanka na juyawa kamar ba ta so. Allurar zafi ta fara tashi.

Verna ta ce, "Orval, sauke giya."

"Saura kaɗan."

Suka sha kwana, wata kwanar ta fito. Ƙararrawar gargaɗi ta fara, "Fiii, fiii, fiii."

"Kuka take yi, ba ka ji?"

"Ina ji. In na sauke, goma ta tafi."

"In ba ka sauke ba, me zai tafi?"

Daga baya ya ce yana hango ƙarshen hawan, ya ga kamar da hannu zai taɓa shi. Kalaman marigayiyar na ƙarshe, kamar yadda su biyun suka shaida, su ne, "Gudu... gudu... ƙaf. Ƙaf. Ƙaf." Da sauran ƙarfinta ta kai su wani ɗan fili a gefen hanya, ba ta bar su a tsakiyar kwana ba, domin har a ƙarshe mai mutunci ce. Farin tururi ya taso daga ƙarƙashin gado. Orval ya ruga kicin da bokiti ya murɗa famfo. Famfon ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru. Duk ruwan da ke cikin gidan nan mai ƙafa arba'in bai wuce sauran kofin da ke butar Verna ba.

Can sai ga Opal ta kunno kai a ƙaramar giya tana kururuwa, tana shan fetur kamar ba gobe, tankin ruwanta cike. Delbert ya sauko da bokiti. Tsoho mai gwiwa ɗaya ya yi ta jigilar bokiti tsakanin motocin biyu, yana ɗingishi, ruwa na zuba masa a wando, su biyu suna watsa wa lagireto. Da suka gaji Orval ya hau ya murɗa makulli. Ko "garr" ɗaya ba ta ce ba. Delbert ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, a nan gefen dutse, ba da'ira ba shaidu.

Bakaniken da aka kira ya leƙa, ya shinshina, ya ce inji ya buga. Ya ce sabon inji ya fi ita kanta motar tsada, abin da Orval ya riga ya sani. Ya tambaya a wace giya ake hawan. Orval ya kalli takalmansa. Aka kira janwe ya dawo da ita sansani ya ajiye ta a gurbinta kusa da rafi, Orval ya sa aka juya ta har sai da hancinta ya kalli gabas.

Ga dalilin jinkirin sanarwa. A la'asar ɗin farko Delbert ya tara da'ira ya kawo shawara. Ya ce, "Wa zai gaya wa Gretchen? Ni dai ban san lambar wayarta ba. Fitila na kamawa, firji na aiki, gado na nan. Ka ce mata kun ƙara wata guda a Arizona. Kafin zafi ya sauko mu nemo tsohon inji a wurin 'yan gwangwan, mu taru mu ɗora. Ko wata shida za a yi, bakinmu ɗaya." Da'ira ta amince ba hamayya. In dai riƙe magana ɗaya ce wadda ba gaskiya ba, a sansanin nan akwai gwanaye masu dogon aiki.

Orval bai ce e ba, bai ce a'a ba. Kwanaki ya yi yana hawa kujerar direba kowace safiya, ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari, ya zauna yana kallon gabas ta gilashi. Gefenmu na rafin ya yi shiru har mutane suka fara makara. Verna ta zo ta kwashe tukwanenta da duwatsunta ta mayar da su mazauninsu ɗaya bayan ɗaya, kamar gobe za a tashi. Ba ta yi masa gori ba ko sau ɗaya, abin da ya fi gorin ciwo. Wata safiya ta kawo masa kofi ta zauna a kujerarta ta gefe, ta ce, "In ka ce mu yi shiru, zan yi shiru. Shekara ashirin ina rufa maka asirin goma, wannan ba zai gagare ni ba."

Ya sha kofin har ƙasa. Sannan ya ce ƙaryar galan ta maza ce, ana yin ta a fili kowa na sane, ba ta cin kowa. Amma ita yarinyar hannu ya ba ta. Ya ɗauki waya.

"Gretchen, ni ne. Dolores ta tsaya."

Wadda ta shekara uku tana jiran wannan labari, da ya zo sai ta fashe da kuka. "Wayyo Baba. Baba, yi haƙuri."

"Ba komai, 'yata. Ki dai kunna mana abin ɗumama ɗakin nan, uwarki ba ta son sanyi."

Mai rubuta wannan sanarwa ba zai ɓoye ba, yana jin haushin Orval. Mutum ya shekara uku yana rufe wa mota taya da ƙyalle, sannan ya kashe ta a rana ɗaya saboda mil uku da ba nasa ba. Amma haushin bai kai baƙin cikin ba. Da'ira ba za ta ƙara zama yadda take ba, kuma duk wanda ke zaune a cikinta ya san shi ma akwai 'ya ko ɗa a wani gari mai sanyi da ya gyara masa ɗaki yana jira.

Marigayiyar ta rasu ta bar maigidanta Orval da uwargida Verna. Ta bar ƙaramar mota, wadda ta bi ta a baya tsawon rayuwarta ba ta taɓa ganin abin da ke gaba ba. Ta bar janareto mai ciwon ƙirji, da tayoyi shida masu sauran ƙuruciya, da rumfa mai faci, da iyalin ɓeraye da suka shigo tun a Texas aka kasa sallamarsu. Ta bar kishiyar gardamarta Opal, wadda tun ranar ba a tayar da ita ba. Ta kuma bar gidajen mai masu yawa tsakanin Minnesota da Arizona, waɗanda a cikin duk masu makoki su ne baƙin cikinsu ba ya bukatar shaida. Ta cika da tanki kusan cike, abin da ba a saba ganinta da shi ba. Za a zuƙe dizal ɗin a raba wa maƙwabta masu irin injinta. Delbert ba ya cikin magada, domin Opal ba ta sha.

Game da gasar, ana sanar da jama'a cewa ba ta da sakamako. Delbert bai ƙarasa Prescott ba, bai sake cika tanki a gaban kowa ba, kuma ya ce duk wanda ya ƙara tayar da maganar ya nemi wani mai askin. Mutanen Oregon sun sayi tanti.

Za a yi jana'iza ranar Asabar. Daga hantsi gawar za ta kasance a gurbinta, ƙofa a buɗe, ga mai son shiga ya yi ban kwana. A cire takalma, Verna ta goge ƙasa. Kowa ya zo da kujerarsa da kwanon abinci ɗaya, Verna za ta yi gasasshen dankalinta mai cuku karo na ƙarshe a murhun marigayiyar. Ba a bukatar furanni. Delbert Pruitt zai yi jawabi a madadin da'ira, kuma ya sanar tun yanzu cewa zai shaida ya shekara ashirin yana bin bayanta, goma take yi. Ana roƙon jama'a su gyaɗa kai.

Da azahar janwe zai zo ya ɗauke ta zuwa makwancinta, filin tsofaffin motoci da ke wajen Phoenix. Tafiya ce mai nisa, kuma za ta yi ta ba tare da ta sha ko ɗigo ba. Masu rakiya za su bi ta a ƙafa har bakin kwalta, masu hon su danna sau ɗaya.

Gretchen za ta iso ranar Juma'a, ita za ta tuƙa iyayenta zuwa Duluth a ƙaramar motar. Bayan janwe ya ɓace, Orval zai miƙa mata makulli, ya buɗe ƙofar baya ya zauna. Iyali na roƙon jama'a su watse kafin a zo wannan wurin.